Ɗan Kurciya da Ya Jinginar da Muryarsa

Har gobe idan na ji ƙamshin gyaɗa a cikin toka mai zafi, sai zuciyata ta tashi ta koma Kaura Namoda, tsakar gidanmu na bayan tashar jirgin ƙasa, inda kakarmu Tumba take hura wuta da karan dawa da zarar an idar da sallar magariba an ci tuwo. Lokacin kaka ya fi kowane lokaci daɗi. Sanyi ya fara leƙowa amma bai kai ga cizo ba, rumbuna sun cika, jirgi ya zo ya sauke mutanensa ya yi shiru, don a garinmu layin dogo ya ƙare, ba shi da inda zai ƙara zuwa. Mu yara mukan kewaye ta, kowa ya ja zane ya rufe gwiwa, ita kuma tana tono gyaɗa da ɗan tsinke tana raba mana. Wadda ta ƙone takan ba wanda ya fi surutu.

Ni sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa gida ake ce mini Uwani, ita kuwa Uwata take cewa. Yayanmu Sani, jikanta na fari, angonta ne tun ranar da aka haife shi, irin wasan nan na kaka da jika. Idan ya shigo takan ce, "Angona ya dawo hannu sake, ko goro babu." Shi kuma ya ce, "Amarya, ina haƙoran da za ki tauna goron?" Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, mu yi ta dariya.

Ni mace ce mai raunin zuciya a kan soyayya, ba na ɓoyewa. Na girma ina sayen ƙananan littattafan nan na kasuwa, ina zubar da hawaye a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Amma labarin so na farko da ya karya mini zuciya ba a takarda na karanta shi ba. A gidanmu aka yi shi, a kan idona, kuma wani wofin mutum ne ya lalata shi a kan shayi da burodi.

Yaya Sani direban akori-kura ne, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi. Allo ya yi, bai shiga boko ba. Abin da Allah ya ba shi baki ne. Idan yana ba da labari, mai jego takan manta jaririnta na kuka. Yakan kwaikwayi tafiyar mutum da muryarsa, har ma yadda akuyarsa take atishawa. Wata damina ya ɗauko fasinja daga Zurmi, suka tarar wani rafi kusa da Birnin Tsaba ya cika ya tsare hanya. Wuni aka yi ana jiran ruwa ya janye. Da wani direba ne da an yi ta zage-zage, amma Yaya ya zauna a kan mota ya yi ta zuba, har da ruwan ya ja wata tsohuwa ta ce a ɗan dakata ya ƙarasa labarin da ya ɗauko. A cikin fasinjan nan akwai wata budurwa 'yar Zurmi da aka turo koyarwa makarantarmu ta firamare, Malama Asabe.

Ita ce malamar ajinmu. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, idanunta kamar an wanke su da madara, in ta yi murmushi sai ka ji kamar an yafe maka wani laifi. A gidan gwaggonta take zaune, can wajen kasuwa. Ba a daɗe ba Yaya ya fara zuwa zance wurinta, kuma abin yana tafiya. Takan tsayar da ni bayan an tashi ta ce in gaida Tumba. Ni kuwa a zuciyata har na gama ɗaura musu aure, na raɗa wa 'ya'yansu suna.

Abu ɗaya ne ya rage. An ce da zarar an yi hutun ƙarshen shekara za a mayar da ita makarantar garinsu. Gwaggonta ta faɗa wa Yaya a fili: in yarinya ta amsa da bakinta, ya turo manya kafin ta tafi. In ta koma Zurmi babu magana a tsaye, can ma akwai masu jira. Amsar nan kawai Yaya yake nema, kuma da an bar shi da bakinsa da ya same ta.

Sai 'yan tasha suka sa shi gaba. Wai malamar boko, wadda ta yi kwaleji, ita zai nema da Hausa kamar mai tallar nono? Wai bai ga masu zuwa wurinta ba, mai kantin magani da malamin awon auduga, kowa da Turancinsa? Suka yi ta hura masa har kunnensa ya ɗauka. Suka kai shi wurin Ɗan Ingila.

Sunansa Labbo, kuma iyakar Ingilar da ya taɓa zuwa Gusau ce. Ya taɓa yin masinja a wani ofis, yana tsayawa bakin ƙofa yana tsintar abin da ya faɗo daga bakin manya, har aka gaji da shi aka sallame shi. Ya fito da kwat guda mai maiƙo a wuya, da murafun biro jere a aljihu waɗanda babu biro a ƙarƙashinsu, da tarin maganganun Turanci irin waɗanda ba a fassara su kalma da kalma. Da su ya buɗe kasuwa. Kullum yana kan bencin mai shayi a gindin dalbejiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalmin ya buɗe baki kamar kada. Shekarun ne aka buɗe firamare ko'ina, 'yan mata masu boko suka fara yawa, samari kuma suka tsorata. Tsoron nan shi ne gonar Labbo, kuma bai taɓa yin fari ba.

Da baki yake koyarwa, tunda yawancin masu zuwa ba su iya karatun boko ba. Ya faɗa, ka maimaita, ya faɗa, ka maimaita, sannan ya gaya maka ma'ana da inda ake sakawa. Ya kasa kayansa kashi-kashi kamar mai tumatir: akwai na buɗe zance, akwai na tsakiya, akwai na neman amsa. Ladansa shayi mai kauri da burodi, ko karan sigari, ko a kai shi kasuwar Shinkafi a gidan gaba ba tare da ya biya ba. Ina so in yi masa adalci guda ɗaya, don ba zan ƙara yi masa wani ba: ba ƙarya yake koyarwa ba. Da na girma na yi nawa karatun na bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, na tarar duk ma'anar da ya bayar daidai take. Ɓarnarsa a wani wuri take.

Wata rana da yamma muna zaune bakin wuta muka ji ana gunaguni a bayan rumbu. Tumba ta karkata kai.

"Angona, da wa kaka magana nan baya? Ko akuyarmu ta koyi Nasaranci?"

"Karatu nika yi, amarya."

"To taho ka karanto muna, mu ma mu ƙaru."

Ya fito yana sosa ƙeya, ya gyara tsayuwa, ya dafa ƙirji, ya ce, "You are the apple of my eye."

"Mi ke nan?"

"Wai ke ta wadda nif fi ƙauna duk duniya."

"To ka hwaɗi hakanan mana. Ina abin wuya ciki?"

"Cikin Turanci ya hi nauyi. Apple ɗin nan wani ɗan itace na, na ƙasarsu."

"Ka taɓa cin shi?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin shi?"

"A'a."

"Ɗan itacen da ba ka taɓa gani ba, shi za ka tura cikin idonka ka kai ma ɗiyar mutane. Allah shi kyauta. Sai mi kuma?"

Ya ce, "I have fallen for you," ya bayyana cewa nufinsa sonki ya kayar da ni. Tumba ta ce direban da ke faɗuwa ita kam ba ta shiga motarsa. Ya ce, "I will look after you," wato zan kula da ke. Ya ce, "I want to settle down," wato ina so in bar yawo in kafa gida. Ya jero su tiryan-tiryan, kowace da inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, fuskarsa a ɗaure kamar mai biya hadda gaban malami. Ni a lokacin sun burge ni ƙwarai. Na haddace su kafin shi, ina faɗa wa madubin Innarmu in babu kowa a ɗaki. Amma ko ni na lura da abu guda: tunda ya fara, ba wanda ya yi dariya don daɗin maganarsa. Dariyar da aka yi, shi aka yi wa.

Tumba ta tura kara cikin wuta ta ce, "Malamin naka, kai kaɗai yas sayar ma wa?"

"Ai ba sayarwa ba ta, koyarwa ta."

"Ku nawa?"

Yaya ya juya. Ya ce yana da sammako, ya shige ɗaki.

Washegari da aka ci tuwo, Tumba ta jira har ya shigo. Namiji mai gemu ba ya zama sauraron tatsuniya, don haka ya kifa turmi can gefe ya zauna yana taɓa tocila kamar mai gyara. Ita ma ba ta dube shi ba. Ta buɗe yadda ta saba, don ba ta buɗewa irin ta sauran tsofaffi.

"Ga baƙuwa ta taho, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo ta zauna."

Ta ce a zamanin da, duk dajin nan babu mai murya irin Ɗan Kurciya. Ba kukan nan guda da muka sani ba. Yana da waƙar safe, yana da ta ruwan sama, yana da wadda in ya yi ta kura takan tuna uwarta. Wata shekara Balbela ta biyo shanun Fulani ta sauka bakin gulbi, fara tas, ta ga ƙasashe, ta zauna kusa da mutane. Tana jiran shanu su sha ruwa ta ji Ɗan Kurciya yana waƙa a kan gawo, ta tsaya da ƙafa ɗaya ta manta ta sauke ɗayar. Tsuntsaye suka yi ta zuwa nemanta. Da ciyawa ta fara bushewa, makiyaya suka fara ɗaure kaya, sai ta yi shela: jajibirin tafiya, da faɗuwar rana, za ta hau kuka ta rufe idanu. Duk mai sonta ya yi kira. Muryar da zuciyarta ta sani, wurinta za ta sauka.

A dajin akwai Aku, wanda ya taɓa zama cikin keji a gidan wani falke, har aka gaji da ƙazantarsa aka jefar da shi. Nan Tumba ta toshe hanci ta yi muryarsa, muka kwashe da dariya.

"Sai Aku yac ce, 'Ku tsaya, ku ƙauyawa. Wagga da kuka gani ta zauna da mutane. Cuwi-cuwinku za ta saurara? Ku kawo muryoyinku jingina cikin goran ga, in ranta muku maganar 'yan Adam.'"

Hankaka ya je a ɓoye. Shaho ya je a ɓoye. Mujiya ma, da ba a gayyace ta ba, ta aika ɗanta. Kowa ya tofa muryarsa cikin gora, Aku ya toshe, ya raɗa masa magana a kunne ya ce kada ya gaya wa kowa. Ɗan Kurciya ya daɗe yana jin kunya, amma da ya ga kowa na tafiya da ƙirji a gaba, shi ma ya je daga ƙarshe. Abin da ba wanda ya sani shi ne, duk zaman da Aku ya yi gidan falke magana ɗaya ya tsinta, wadda matar gida take yi wa baƙi.

Rana ta faɗi. Balbela ta hau kuka ta rufe idanu. Sai daji ya ɗauka gaba ɗaya, gabas da yamma, murya iri ɗaya ta hanci: "Sannu da zuwa! Sannu da zuwa! Sannu da zuwa!"

Tumba ta gyara wuta. Sannan ta sauke murya.

"Tana ta saurare, Uwata. Ta juya kunne nan, ta juya can. Ɗan Kurciya shina nan ƙarƙashinta, reshe guda tsakaninsu, shina ta kira har wuya nai ya kumbura. Ba ta gane shi ba. Da mi za ta gane shi? Da taj ji shanu sun tashi, sai tab buɗe fiffike tab bi su."

Ɗan Kurciya ya ruga wurin Aku ya ce a ba shi muryarsa. Aku ya buɗe gora, ashe duk wuri ɗaya ya zuba su, sun cakuɗe sun yi tsami kamar nonon da ya kwana biyu. Ya kankaro ɗan abin da ya manne a gindi ya miƙa masa. Shi ne guntun kukan da kurciya take yi har yau, guda ɗaya, tana maimaitawa daga safe har yamma. Balbela kuwa tun daga ranar ba ta ƙara amsa kiran kowa ba.

Ƙanena ya ce, "To Aku fa? Mi anka yi mai?"

"Aku? Shina nan lahiya lau, har ya yi ƙiba. Baƙuwa ta tashi, ku raka ta ƙohwa."

Na kwanta ina kuka a ranar, ina jin haushin reshe guda ɗin nan. Kafin mu watse Yaya ya miƙe daga kan turmi ya ce, "Amarya, na ji habaicinki." Tumba ta ce ita da yara take.

Ya ji, amma rabi ya ji. Abin da ya ɗauka shi ne matsalar a ce kowa na faɗin iri ɗaya. Maganinta kuwa, a ganinsa, ya samo wadda ba a ba kowa ba. Ya koma wurin Labbo ya ce yana son ta neman amsa, ta musamman, wadda ba ta taɓa fita daga bakinsa zuwa kunnen wani ba. Labbo ya rufe ido ya girgiza kai, ya ce irin wannan ba a bayar da ita a kan shayi. Yaya ya ɗauko rediyonsa mai kaset, wadda yake ji da ita kamar rai, ya ajiye a kan benci. Labbo ya ja shi bayan dalbejiya ya raɗa masa: "Let us tie the knot." Ma'ana, mu yi aure.

Da ya faɗa wa Tumba, ta tambayi abin da kalmomin suke cewa. Ya ce wai mu ƙulla ƙulli.

"Mu ma ai ɗaurawa muka yi. Ka ba da rediyo an sayar ma da abin da ad cikin bakinka tun kana shan nono."

Ranar da ya shirya, ya sa farar shadda, ya shafa turaren da sai da ya sa kaji atishawa, ya fita bayan magariba. Ba mu ko gama cinye gyaɗar farko ba sai ga shi ya dawo. Bai nufi ɗaki ba, bai kifa turmi ba. Ya zo ya zauna a ƙasa cikinmu da shaddarsa, abin da bai taɓa yi ba. Tumba ta dube shi ta ce mu tashi mu ba su wuri. Muka matsa kaɗan, iyakar inda kunne zai kai.

Ya ce sun gaisa lafiya. Malama Asabe ta shimfiɗa masa tabarma, har ta kawo ruwa da kanta. Ya dafa ƙirji ya faɗi ta farko, ta ɗan itacen ido. Sai ta dube shi, ta dafa nata ƙirjin, ta faɗi ta biyu. Ya daure ya faɗi ta uku. Ta karɓe ta faɗi ta huɗu, ta ci gaba, da ɗaga murya da sauke ta daidai inda Labbo yake yi, har ta kai ƙarshe. Ta rufe da ta ƙullin, wadda ya ba da rediyo a kanta. Ta ce mai kantin magani ya kawo mata ita tun watan jiya, malamin auduga kuma shekaranjiya. Sannan ta ce, "Sani, kai ma can ka tahi?"

"Sai kac ce mi?" in ji Tumba.

"Ban ce komi ba. Na sa takalmi."

"Gobe ka koma. Ka bar turaren ga gida. Ka zauna ka ba ta labarin yadda anka cuce ka, da bakinka, ka kwaikwayo mata tahiyar Labbo. Shi ke nan abin da za ka yi."

Ya ce to.

Da safe ya nufi gindin dalbejiya zai karɓo rediyonsa ya ci mutuncin Labbo. Waɗanda suke wurin sun ce ya je da zafi ƙwarai. Labbo bai ko sauke ƙafa ba. Ya kurɓi shayi, rediyon Yaya tana waƙa a gefensa, ya ce Turanci ai na kowa ne, shi bai ƙirƙire shi ba, kuma wannan abin da ya faru ƙaramin saɓani ne da Turawa suka daɗe da yi wa magani. Da yamma muka sake jin gunaguni a bayan rumbu: "Let us make up. Let us make up." Wato mu shirya, mu bar faɗa. Ya je karɓar rediyo ya dawo da sabon kaya, kuma an ce har ya biya kuɗin shayin.

Ban taɓa ganin fuskar Tumba kamar ranar ba. Ba ta yi tsawa ba. Ta kira shi, ya zo ya tsaya.

"Sani," ta ce. Duk muka ɗaga kai, don ba mu taɓa jin sunan a bakinta ba. "Ni ma na hwasa auren. Ka tahi ka nemi wata tsohuwa."

Muka yi dariya muna zaton wasan ne. Ba wasa ba ne. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara ce masa ango ba, shi ma bai ƙara samun bakin ce mata amarya ba.

Bai koma wurin Malama Asabe ba. Kullum yana bita, kullum yana cewa gobe, labari kuma ya riga ya zaga tasha, yaran mota suna dafa ƙirji in ya wuce. Aka yi hutu. Ta zo ta yi wa Tumba sallama da rana, lokacin da ta san ba ya gida, ta shiga wata motar ta tafi Zurmi. Kafin wata damina muka ji an ɗaura mata aure.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin tatsuniyar nan shi ne kada mutum ya ari harshen wasu. Da na yi karatu na gane ba haka ba ne. Maganganun nan ba su da laifi. A bakin masu su suna da ɗumi, don sun tashi da su, sun ji uwa ta faɗa wa ɗa, sun ji tsoho ya faɗa wa tsohuwarsa. Ni kaina ina son su, ina koya wa 'ya'yana. Abin da nake raina shi ne mutumin da ya gano cewa samari na jin kunyar bakinsu, ya zauna a kan kunyar yana shan shayi. Ina raina 'yan tashar da suka kai ɗan'uwansu, ina raina mai kantin magani da malamin auduga, manyan banza masu takardar shaida da suka bi layi a bayan dalbejiya. Ko a littattafan da nake saya, da zarar saurayi ya durƙusa ya fara jero Turancin da na san marubucin ma tsinto shi ya yi, sai in ji ƙamshin kwat ɗin Labbo, in kifa littafin. Daga baya in ɗauka in ƙarasa, don ba na iya barin masoya a hanya. Labbo kuwa bai taɓa tagayyara ba. Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara na gan shi a gidan gaba na wata mota mai sanyi, wai shi ke tsara wa wasu manya jawabi. Na saurari biyu daga cikinsu a rediyo. Iri ɗaya ne.

A shekarar ce kuma, ina aure a Shinkafi, na je suna Zurmi na haɗu da Malama Asabe. Ta zama shugabar makaranta, ta yi jiki, furfura ta fara leƙowa ƙarƙashin ɗankwali, amma idanun na nan. Ta gane ni kafin in gaishe ta. Muka keɓe a ɗakin mai jego, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina: me ya sa ta wulaƙanta shi haka?

Ta riƙe baki. "Wulaƙanci? Uwani, wasa nika yi mai. Wasu biyu sun zo sun yi min karatun ga na danne dariya don ba ni da abokin yin ta. Da shi yaf fara, sai nic ce yawwa, ga wanda za mu yi ta tare. Na zaci kahin in kai ƙarshe ya hwashe da dariya, ya kwaikwayo min malamin nasu, mu yi ta har gwaggo ta leƙo. Da ya yi dariya a ranar, da ya tashi da amsata. Har anka yi hutu kullum sai na shimfiɗa tabarmar nan."

Na yi wata guda ina shawara da zuciyata ko in gaya masa. Ya bar tuƙi, yana sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, da matarsa mutuniyar kirki da 'ya'ya, mutum mai shiru wanda yaran yanzu ba za su yarda ya taɓa tsayar da mota guda da labari ba. Daga ƙarshe na je. Na same shi shi kaɗai a shago da la'asar, na zauna a kan wata tsohuwar taya na faɗa masa duka, ban rage ba.

Ya daɗe yana juya wani ƙaramin noti a tafin hannu.

"Dariya?" ya ce.

"Dariya kawai, Yaya."

"Wallahi ta taho min, Uwani. Tun da tad dahe ƙirji ta taho min, har nan." Ya taɓa maƙogwaro. "Na haɗiye ta. Labbo ya ce mai Turanci ba ya dariya gaban mace."